Tommy Ramone: Manajan Da Ya Hau Kan Ganga, Kiɗan Rock Ya Sauya

A shekarar 1974, a wani ɗakin gwajin kiɗa da ake kira Performance Studios a birnin New York, wasu samari uku suna cigiyar makaɗin ganga. Masu nema suka yi ta zuwa, kowa da gwanintarsa. Da mutum ya zauna sai ya shiga nuna bajinta, ya zagaye gangunan kaf, ya watsa sanda a kan farantan tagulla, ya yi wa kowace gaɓa ado. Manajan samarin, wani gajeren saurayi mai sanyin magana, shi ne yake karɓar sandunan ya nuna abin da ake so: bugu miƙaƙƙe, mai sauri, ba kwana ba ado. Shi kansa jita ya iya, bai taɓa zama makaɗin ganga ba. Da aka rasa wanda zai iya abin da yake nunawa, sai abokan suka ce shi ya zauna kawai.

Wannan saurayi shi ne Tamás Erdélyi, wanda duniya ta sani da Tommy Ramone, kuma ƙungiyar ita ce Ramones, wadda masana kiɗa da dama suke ɗauka a matsayin tushen salon punk. Ga wanda bai san shi ba, punk reshe ne na kiɗan rock: waƙoƙi gajeru, masu gudu, masu ƙara, da jita da ganga da murya kawai, a bisa aƙidar cewa ba sai ka yi shekaru a makarantar kiɗa ba kafin ka faɗi abin da ke ranka.

Na daɗe ina sauraron faya-fayan Ramones, kuma abin da ya sa nake son mutanenmu su san Tommy shi ne wannan: gwanintarsa ta sanin abin da za a bari ce. Masu iya ƙari suna da yawa a kowace sana'a. Mai iya ragewa har a kai ga ƙashin abu, shi ne ake nema a rasa.

Daga Budapest Zuwa Queens

An haife shi a Budapest, babban birnin ƙasar Hungari, ranar 29 ga Janairun 1949. Iyayensa Yahudawa ne masu sana'ar ɗaukar hoto. Shekara biyar kafin haihuwarsa, a 1944, 'yan Nazi da masu mara musu baya a Hungari suka kwashe Yahudawan ƙasar sama da 400,000 cikin 'yan watanni, aka kai mafi yawansu sansanin Auschwitz. Iyayen Tommy sun tsira ne saboda maƙwabta sun ɓoye su, amma danginsu da dama ba su tsira ba. A irin wannan gida ya buɗe ido.

Yana ɗan shekara bakwai sai wata fitinar ta taso. A watan Oktoban 1956 mutanen Hungari suka yi wa gwamnatin kwaminisanci bore, a farkon Nuwamba kuma tankokin Tarayyar Sobiyet suka shigo Budapest suka murƙushe shi. Mutane kusan 200,000 suka tsere daga ƙasar, da iyalin Erdélyi a cikinsu. A 1957 suka isa Amurka. Sun fara zama a unguwar Bronx, daga baya suka koma Forest Hills a yankin Queens, unguwar masu matsakaicin hali mai dogayen gidajen haya na jan bulo. Tamás ya koma Thomas, Thomas ya koma Tommy.

A makarantar sakandaren Forest Hills ya haɗu da John Cummings, suka yi wata ƙungiyar kiɗa ta 'yan makaranta mai suna Tangerine Puppets, Tommy yana kaɗa jita. A unguwar ne kuma Jeffrey Hyman da Douglas Colvin suke zaune. Waɗannan huɗun su ne daga baya suka ɗauki sunan iyali guda, alhali ba su haɗa jini ba: John ya zama Johnny Ramone, Jeffrey ya zama Joey, Douglas ya zama Dee Dee. Dee Dee ne ya kawo sunan, bayan ya ji cewa Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya taɓa amfani da sunan Paul Ramon a farkon tashinsa.

Kunnen Injiniya

Abin da ya bambanta Tommy da sauran ukun shi ne ya san cikin situdiyo. Tun yana matashi ya samu aikin mataimakin injiniyan sauti a Record Plant, ɗaya daga cikin manyan situdiyon New York, har ya sa hannu a aikin Jimi Hendrix, gwarzon jitar wancan zamani. Aikin mataimaki shi ne jan waya, kafa makirufo, ɗora tef da sauke shi, sannan a zauna a saurara. Mutum yana koyon jin kiɗa daga waje, ya gane abin da ya cika yawa da abin da ya rage.

Kiɗan rock na farkon shekarun 1970 kuwa ya cika ya batse. Waƙa ɗaya takan cinye gefen faifai sukutum. John Bonham, makaɗin gangar Led Zeppelin, yakan yi minti ashirin ko fiye yana bugu shi kaɗai a dandali, sauran sun koma gefe. Manyan ƙungiyoyi suna yawo da tireloli cike da kayan sauti. Yaron da ke zaune a Queens da tsohuwar jita, in ya kalli wannan, sai ya ga ba shi da ƙofar shiga.

Tommy ya je ya kalli wata ƙungiya mai suna New York Dolls. Ba gwanaye ba ne, suna kuskure a fili, amma ɗakin yana ɗaukar wuta in sun hau. Nan ya gane cewa abin da ya ɓace wa rock shi ne zafin rai, kuma ya tuna da abokansa na Forest Hills, waɗanda ba su iya kiɗa sosai ba amma kowannensu yana da wani hali da ba a saye a kasuwa. Shi ya yi ta matsa wa Johnny ya sayi jita su kafa ƙungiya. Ranar 30 ga Maris 1974 suka yi wasansu na farko su uku, Joey a kan ganga. Tommy, da yake kallo daga gefe, ya ga Dee Dee ba ya iya haɗa waƙa da kaɗa jitar bes a lokaci guda, Joey kuma ganga tana fin ƙarfinsa in gudu ya ƙaru, amma yana da murya. Aka mayar da Joey gaban makirufo. Kujerar ganga ta zama ba kowa, kuma mun ga yadda aka cike ta.

Ranar 16 ga Agustan 1974 su huɗun suka fara wasa a CBGB, wani kulob mai duhu da datti a lamba 315 kan titin Bowery, wanda Hilly Kristal ya buɗe a 1973. Unguwar mashaya ce da marasa matsuguni, birnin New York kansa yana dab da talaucewa a lokacin. Duk wasan nasu bai fi minti ashirin ba, wani lokaci har da tsayawa a yi gardama a gaban mutane kan waƙar da za a yi gaba.

Yadda Yake Bugu

Gani ya kori ji. Akwai bidiyon wasan da suka yi a Rainbow Theatre da ke Landan a daren 31 ga Disambar 1977, wanda aka fitar da sautinsa a kundin It's Alive, kuma yana nan a YouTube. Ina roƙon mai karatu, in ya buɗe shi, ya bar kallon dogon mawaƙin da ke gaba, ya nemi ɗan mutumin da ke baya sanye da baƙin tabarau.

Dee Dee zai ƙwala ƙirga daga ɗaya zuwa huɗu, sai komai ya fashe lokaci guda. Dubi hannun daman Tommy. Yana kan farantan tagulla biyun nan da suke kife da juna, yana sauka sau biyu a kowane bugu. Waƙa irin "Blitzkrieg Bop" tana tafiya da bugu kusan 180 a minti, wato hannun nan yana sauka kusan sau shida a daƙiƙa guda, kuma ba ya hutawa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Hannun hagu yana dukan ƙaramar ganga mai kaifin murya a bugu na biyu da na huɗu. Ƙafar dama tana taka babbar ganga. Shi ke nan. Inda wani makaɗin zai zagaye ganguna don ya sanar da cewa amshi ya zo, Tommy sau da yawa faranti ɗaya yake doka ya wuce. Jikinsa ba ya rawa, kafaɗunsa ba sa tashi, daga wuyan hannu aikin yake fitowa. Waƙa tana ƙarewa, kafin tafi ya lafa, an sake ƙirga huɗu. Waƙoƙi 28 ke cikin kundin, kuma duka ba su cika awa ɗaya ba.

Dalilin wannan salo yana hannun Johnny. Shi yana kaɗa jita ne da saukar hannu ƙasa kawai, ba ya dawowa sama, da irin wannan gudun. Da yake Tommy ɗan jita ne tun asali, sai ya ɗaure hannun damansa da na Johnny, kowace sauka tasu ta zo tare, Dee Dee ma ya bi su. Sauti ukun suka narke suka zama abu ɗaya mai kauri, muryar Joey tana yawo a kansa. Makaɗin da ya ƙware a tsohon salo ba zai yarda ya ɓace cikin jita haka ba, domin an koya masa cewa ganga sai ta yi magana. Tommy bai ɗauko wannan kaya ba, don haka bai sha wahalar sauke shi ba.

Masu cewa wannan ai kowa ma zai iya, su gwada minti biyu a kan tebur da cokali, ba tare da gudun ya ragu ko ya ƙaru ba. Duk wanda ya saurari marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya san cewa ƙarancin kayan aiki ba ya rage nauyin aiki, ƙara shi yake yi, domin babu inda kuskure zai ɓuya.

Dala 6,400

Kafin su samu kamfani, Tommy ne yake rubuta takardun tallata ƙungiyar, yana aika wa 'yan jarida gayyata, shi ne kuma ya ɗauki faifan gwajinsu na farko. Daga baya Danny Fields ya karɓi aikin manaja, Seymour Stein na kamfanin Sire ya ɗauke su. A farkon 1976 suka shiga situdiyon Plaza Sound, a saman ginin Radio City Music Hall, suka gama kundinsu na farko cikin kusan mako guda a kan dala 6,400, a zamanin da manyan ƙungiyoyi suke kashe ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi, suna watanni a situdiyo. Craig Leon ne furodusa, Tommy yana mataimakinsa. Kundin ya fito ranar 23 ga Afrilun 1976 da waƙoƙi 14 a cikin minti 29.

Wanda ya saurare shi da abin kunne zai lura da wani abu. Cire na dama, sai ka ji jitar bes ta Dee Dee. Mayar da shi ka cire na hagu, sai ka ji jitar Johnny. Ganga da murya suna tsakiya. Da gangan aka raba su haka, irin yadda aka yi wa tsofaffin faya-fayan Beatles. Ramones ba ƙin tsohon kiɗa suke yi ba. So suke su komo da waƙar minti biyu mai daɗin amshi, irin wadda suka taso suna ji a rediyo suna yara.

A kundayen farko an rubuta cewa ƙungiyar gaba ɗaya ce ta tsara waƙoƙin, shi ya sa mutane da yawa ba su san rabon Tommy ba. Shi ya rubuta "I Wanna Be Your Boyfriend", waƙar soyayya mai taushi wadda ta fi sauran tafiya a hankali. Shi ne kuma ya rubuta mafi yawan "Blitzkrieg Bop", waƙar da ta buɗe kundin, wadda har yau ake rera amshinta a filayen wasanni na Amurka. Tommy ya bayyana cewa labarin matasa ne da suka ɗunguma zuwa kallon wasan kiɗa, kuma ya so amshin ya zama irin wanda taro zai ɗauka baki ɗaya, kamar na wata waƙar ƙungiyar Bay City Rollers da ta yi tashe a lokacin. Sunan da ya ba ta da farko daban ne. Dee Dee, wanda ya tashi a Jamus inda mahaifinsa yake aikin sojan Amurka, shi ya sauya sunan ya sa kalmar yaƙi ta Jamusanci.

Wannan wuri yana damuna, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Punk na wancan lokaci yana wasa da alamomin 'yan Nazi don ya girgiza manya, har Seymour Stein ya nemi a sauya baitin wata waƙa a kundin saboda haka. A bayan gangar kuwa ga ɗan mutanen da maƙwabta suka ɓoye a Budapest, a gaban makirufo ga Joey, shi ma Bayahude. Matasan sun ɗauki abin a matsayin tsokana. Ni dai ina ganin akwai raunin da bai kamata a yi tsokana da shi ba, kuma son da nake wa kiɗan bai hana ni faɗin haka ba.

A kasuwa kundin bai yi wani abin a zo a gani ba, a lamba ta 111 ya tsaya a jadawalin cinikin faya-fayai na Billboard. Gidajen rediyon Amurka suka juya masa baya.

Landan Ta Amsa

A Ingila labarin ya bambanta. Ranar 4 ga Yulin 1976, ranar da Amurka take bikin cika shekara 200 da samun 'yanci daga Birtaniya, Ramones suka yi wasa a Roundhouse da ke Landan a gaban mutane kusan 2,000, taron da ba su taɓa ganin irinsa a gida ba. Washegari suka yi wani a kulob ɗin Dingwalls, inda samarin da suke kafa ƙungiyoyin punk na Ingila, irin su Clash da Sex Pistols, suka zo suka gan su. Ingila tana da nata abin da ke tafasa, rashin aikin yi da fushin matasa, don haka ba Ramones ne suka haifi punk ɗin can ba. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: bayan wannan ziyara, gudun ƙungiyoyin Landan ya ƙaru, waƙoƙinsu suka gajarta.

A 1977 kaɗai Ramones suka fitar da kundi biyu, Leave Home a Janairu da Rocket to Russia a Nuwamba. A bayan kowannensu sunan mutum ɗaya ya fito sau biyu: Tommy Ramone a kan ganga, T. Erdelyi a cikin furodusoshi tare da Tony Bongiovi. A kunnena Rocket to Russia ne ƙolin aikinsu. Gudun yana nan, amma sautin ya washe, ana jin kowane abu a mazauninsa.

Ajiye Sanda

A 1978, ƙungiyar tana kan ganiyarta, Tommy ya sauka daga kan ganga. Rayuwar hanya ta gajiyar da shi: ƙaramar mota, otal bayan otal, da zaman doya da manja tsakanin mutane huɗu masu hali daban-daban. Johnny mai tsauri ne kamar sajan, Dee Dee yana fama da miyagun ƙwayoyi, Joey yana fama da wata lalura tasa. Tommy, mai son natsuwa da aikin situdiyo, ya ga lafiyar hankalinsa ta fi masa tafin jama'a. Wasansa na ƙarshe da su a CBGB aka yi shi, a watan Mayun shekarar.

Yadda ya tafi ya burge ni. Bai yi fushi ya kwashe iliminsa ba. Marc Bell, wanda ya gaje shi da sunan Marky Ramone, ƙwararren makaɗi ne da ya fi shi sanin ganga nesa ba kusa ba, amma sai da Tommy ya zauna da shi yana nuna masa salon. Sannan ya koma bayan na'ura, shi da Ed Stasium, suka shirya kundin Road to Ruin na 1978. A 1984, lokacin da ƙungiyar ta yi ta neman kasuwa har sautinta ya fara laushi, su biyun aka sake kira suka yi Too Tough to Die, wanda ya komo da ita kan turbarta. A 1985 ya shirya wa ƙungiyar Replacements kundinsu mai suna Tim, a 1987 kuma ya yi wa Redd Kross nasu.

Ramones sun ci gaba har 1996, bayan wasanni 2,263 a cikin shekara 22. Shekara huɗu kawai Tommy ya yi a kan ganga daga ciki, amma duk wanda ya zauna a kujerar bayansa, tsarinsa ya bi.

Na Ƙarshen Su Huɗu

Mutuwa ta bi su da sauri. Joey ya rasu a Afrilun 2001 da cutar kansa. A Maris 2002 aka shigar da Ramones zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame, bayan wata uku kuma, a watan Yuni, hodar heroin ta kashe Dee Dee yana da shekara 50. Duk matashin da yake ganin ƙwaya wani ado ce ta mawaƙa, ya dubi wannan. Johnny ya bi su a Satumban 2004, shi ma da cutar kansa. Tommy ya rage shi kaɗai, shi ake kira in ana son jin yadda abin ya faro.

A shekarunsa na ƙarshe, da furfura da dogon gashi, ya kafa wata ƙungiya ta mutum biyu mai suna Uncle Monk tare da abokiyar rayuwarsa Claudia Tienan, suka fitar da kundi a 2006. Kiɗan bluegrass suke yi, tsohon kiɗan mutanen karkara na tsaunukan Appalachia a Amurka, wanda ba a sa masa lantarki, kuma bisa al'ada ba a sa masa ganga. Tommy yana waƙa yana kaɗa mandolin, wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya takwas. Mutane sun yi mamaki, shi kuwa ya bayyana cewa salon biyu 'yan gida ɗaya ne: dukansu kiɗa ne da ake koya a gida ba a makaranta ba, kowa yana iya ɗaukar kayan ya fara. Na yarda da shi. Mutumin da ya cire wa rock kayan ado a 1974 shi ne dai yake zaune a ƙananan ɗakuna yana kaɗa katako da waya.

A 2011 aka ba Ramones kyautar Grammy ta girmama aikin rayuwa. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa kundinsu na farko cikin faya-fayan da ƙasar take adanawa a matsayin kayan tarihi. A Afrilun 2014, shekara 38 bayan fitowarsa, kundin nan na dala 6,400 ya cika kwafi 500,000 da aka sayar a Amurka. Tommy ne kaɗai a cikin su huɗun ya ga wannan rana. Ya rasu ranar 11 ga Yulin 2014 a gidansa da ke Ridgewood a Queens, yana da shekara 65, bayan fama da kansar bututun matsarmama.

Ƙungiyoyi irin su Green Day, waɗanda suka sayar da miliyoyin faya-fayai, ba sa ɓoye cewa daga Ramones suka sha. Idan ana lissafin manyan makaɗan ganga na duniya, akan fara da masu dogon bugu da yawan ado, sunan Tommy yakan zo can ƙasa, in ma ya zo. A ganina ma'aunin ne bai cika ba. Ya kamata a riƙa tambaya, bayan mutum ya zauna a kan ganga, makaɗa nawa ne suka sauya yadda suke bugu saboda shi. In da wannan za a auna, kaɗan ne za su sha gaban Tamás Erdélyi.